Mai Yankan Gidan Bakin Kanal

Ranar da hannuna na dama ya mutu, ina kwance a asibitin Kura 'ya'yana suna ta maganar gona a kaina, wa zai yi dashen albasa, wa zai tare ruwa. Ni kuwa hankalina yana wani wajen. Tunanin da nake yi shi ne, in mutanen gidan bakin kanal suka zo bana, wa zai yi musu yanka? In kuma wani ya yi, ni da wace hujja zan sake shiga gidan?

Gidan na wata majami'a ce ta 'yan Lutaran, yawancinsu mutanen Adamawa. Yana can ƙarshen gonaki ta wajen Bunkure, inda hanyar mota take ƙarewa sai ta babur. Ɗakuna ne 'yan kaɗan, da rumfar kwano da suke ibada a ciki, da mangwaro guda biyu da suka girme ni. Da damina ba kowa sai ƙadangaru, don taɓo ba ya barin a wuce. Amma da an gama yankan shinkafa aka sako ruwan noman rani a kanal, sai ka ji an buga tsohon ƙarfen tayar mota da suka rataya a maimakon ƙararrawa. Kowa a ƙauyenmu ya san baƙi sun sauka.

Zuwa suke yi su huta da hayaniyar gari, su yi addu'o'insu. Akwai malaman makaranta da suka yi ritaya, da matan da mazajensu suka rasu, da 'yan jami'a, da ma'aikatan jinya. Wasu su yi mako, wasu su ɗan zarce, su tafi wasu su zo. Mutum biyu ne kawai suke zama har saukar ruwan farko: wani tsohon fasto mai ƙarancin magana, da matarsa wadda kowa yake kira Mama. A takarda faston ne shugaba. Amma duk wanda ya kwana a gidan ya san mai riƙe da ludayi ita ce mai gida.

Gonata ce ta yi iyaka da katangarsu, shi ya sa Mama take ce mini maƙwabci, ba ta taɓa kiran sunana ba. Shekarar farko ban ko leƙa ba. Gaisuwa daga nesa, kowa ya kama gabansa. Wata safiya ina jan ruwa a fangalin tumatir sai ga ta a kan kunya, zani ɗaure a ƙirji, tana jan akuya da igiya. Ta ce ta ji ni nake yi wa unguwarmu yanka ranar suna, ta zo roƙon arziki. Na ce ba maza a gidan ne? Ta ce akwai, har da masu gemu. Amma 'yan ƙwadagon da ke tsinkar tumatir suna shigowa shan ruwa, Fulani ma suna kawo nono, in ta ce bismilla sai su leƙa miya su ce sun ƙoshi, alhali tana ganin yunwa a idonsu. Ta gano naman ne, don ba Musulmi ne ya yanka ba. Na ce mata ai malamai sun ce yankan ma'abota littafi ya halatta. Ta ce ita ba muhawara ta zo yi ba, abinci take so a ci.

Haka na zama mai yankan gidan. Shekara da shekaru, ko kaza ce sai an aiko an kira ni. Ba a biyana, ni ma da an gwada da an ga ɓacin raina. Ladana shi ne wurin zama a bakin faranti, ƙarƙashin mangwaron gabas, inda maza suke ci. Mata suna ƙarƙashin ɗayan.

Ina kewar wannan faranti, ba zan ɓoye ba. Za ka ga tsohon shugaban makaranta, wanda ɗazu Mama ta sa shi wanke tukwane, ga ɗan ci-rani daga Nijar da laka har gwiwa, ga wani dattijon Bafulatani da rugarsu take bayan kanal, ga ni, duk hannu a tuwo ɗaya. Ba a tambayar mutum daga ina yake sai ya sha ruwa ya wanke hannu. Su yi addu'arsu ido a rufe, mu yi bismillarmu, a fara. A gindin darbejiya kuwa akwai butoci da tabarmi, faston da kansa ya tambaye ni alƙibla ya jera duwatsu. In lokacin azahar ya yi matan suna tsakiyar waƙa suna buga tulu, da kansu suke tsayawa har mu sallame. Mu ma ranar Lahadi da safe ba mai tayar da injin ban-ruwa kusa da katangar. Ba wanda ya kafa wannan doka, haka kawai muka tarar da kanmu.

Sau ɗaya aka yi kuskure, kuma ranar na san ko wace ce Mama. Layin ruwana ne ya zo, in na bari ya wuce sai wani makon, sai na makara. Akwai wani saurayi ɗan jami'a, sabon zuwa, mai son taimako ƙwarai. Ya ga kaji a ɗaure, ya ga rana tana yi, ya ɗauki wuƙar kicin ya gama da su. Na iso da wuƙata a kube na tarar da gashin kaji yana yawo a tsakar gida. Zuciya ta ɗebe ni, ni dama ba haƙuri ne ya dame ni ba. Na juya zan tafi ina cewa tunda an sami wani sai a sallame ni.

Mama ta ce in zauna in daina kumburi kamar gurasa. Ba ta yi wa yaron faɗa ba, ta ma gode masa. Ta sa aka soya kajin aka ƙulle wa masu tafiya washegari guzuri. Mu kuwa ranar miyar kuka muka sha, daga daddawa sai barkono. Tsohon shugaban makarantar nan ya juya miya ya juya, ya ce yana jin ƙanshin kaza a gida amma bai gan ta a kwano ba. Mama tana tsaye da ludayi ta ce, "Abin da mutum ɗaya ba zai ci ba, ba ya shiga tukunyata." Ya ci gaba da loma. Dattijon Bafulatanin nan har ƙari ya yi.

To ka ga irin gidan da na saba da shi. Shi ya sa da aka sallamo ni daga asibiti, ƙafar da ita ma ta shanye ta dawo amma hannu yana reto, abin ya tsaya mini a rai. Ba yankan kaɗai ba. Mutumin da hannun damansa ya mutu da hagu yake ci. A ɗakina, ni kaɗai, da cokali, wannan da sauƙi. Amma in zura hagu a farantin jama'a? Hannun da kowa ya san aikinsa? Limaminmu ya zo duba ni ya ce larura ce, Allah bai ɗora mini laifi ba. Na ce na sani, malam, ai ba Allah nake jin kunya ba, mutane ne. Ko a gidana na daina ci da 'ya'yana. In an kawo abinci sai na ja labule.

Aka sako ruwa a kanal. Wata safiya na ji an buga ƙarfen nan. Na shige ɗaki na ja labule. Na ce wa mai ɗakina duk wanda ya zo a ce ina barci. Aka aiko daga gidan, aka ce ina barci. Washegari aka sake aikowa, har yanzu ina barci. Daga ɗakina ina jin waƙar matan in iska ta juyo, ina jin hayaƙin murhunsu, ina zaune ina kallon wuƙata a rataye a bango. Babban ɗana ya ce ko ya je ya yi musu yankan a madadina. Na daka masa tsawa, har yau ban san laifinsa ba.

Ana nan sai ga ƙarar a-daidaita-sahu a ƙofar gida, da hantsi. Mama ce. Gwiwoyinta sun riga sun fara ba ta wahala, da sanda ta shigo. Ta gaisa da mai ɗakina, ta yi sallama a ƙofata, ba ta jira na gama ƙaryar barci ba ta ɗaga labule. Ta dubi hannun, ta yi mini sannu sau ɗaya, ba ta ƙara ba. Na gode mata da hakan, don na gaji da masu zuwa su yi ta girgiza kai.

Na riga ta magana. Na ce ta gani da idonta, aikina ya ƙare, su nemi wani. Ta ce ai sun nema, dattijon Bafulatanin nan ne ya yanka musu akuya da safe, kuma ya iya. Kai, maganar ta soke ni. Ni da bakina na ce a nemi wani, amma ban so a samu da wuri haka ba. Na sha kunu na ce to madalla, me kuma ya kawo ta?

Ta ce, "Maƙwabci, wuƙa mun samu. Kai ne ba mu samu ba."

Na ce mata gaskiya, tunda ita ba a yi mata kwana-kwana. Na ce ba zan sa hagu a farantin mutane ba, ba kuma zan yarda a ware mini kwano a gefe ana kallona ba. Ta dogara sandarta ta miƙe. Ta ce tuwo yana kan wuta, kuma ba za a sauke ba sai na zo, in ina so ya ƙone mutum wajen talatin su wuni da yunwa, ruwana. Ta fita ta shiga a-daidaita-sahun ta zauna, ta ce wa direban ya kashe inji.

Na san halinta, zama za ta yi har la'asar. Na saka riga da ƙyar na fito ina ƙunƙuni, na ƙudurta a raina in na je zan gaisa, in ce na ƙoshi.

Muna isa ta shige kicin ta bar ni da faston. Aka shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin mangwaron gabas. Wurina yana nan ba wanda ya zauna. Aka kawo ruwan wanke hannu, aka ajiye farantin tuwon shinkafa da miyar taushe. Na buɗe baki zan ce na ƙoshi ke nan sai ga Mama da kwanon sha cike da cokula, wasu na ƙarfe, wasu na roba irin na shan koko, da alama duk na gidan ta kwaso. Ta bi kowa ta miƙa masa ɗaya, tun daga faston har 'yan ƙwadago. Ta ce bana haka za a riƙa ci a gidan nan. Ba ta dubi inda nake ba.

Ba wanda ya tambayi dalili. Dattijon Bafulatanin ya juya cokalinsa gaba da baya, ya yanko tuwo, kafin ya kai baki lomar ta sulluɓe ta faɗa masa a riga. Aka kwashe da dariya, shi ma yana yi. Cikin wannan dariyar na ɗauki nawa da hagu na sa a faranti. Ban ji ɗanɗanon miyar ba, hawaye ne suka cika mini baki.

Yanzu Mama ba ta zuwa. Faston ya rasu, ita kuma gwiwa ta zaunar da ita a garinsu, 'yarta ce take riƙe da ludayin. Gidan yana buɗewa duk rani, ina zuwa ina zama a wurina, kuma har yau cokula ake rabawa. Rannan wani sabon baƙo ya raɗa mini cewa wai al'adar 'yan Lutaran ce cin tuwo da cokali. Na ce masa haka ne. Na waiga wajen ƙofar kicin don mu haɗa ido da Mama mu yi dariya, ba ta nan.