Shuɗiyar Jakar Yaya a Zangon Lome

Mun tashi da asuba daga unguwar Agege a Legas, ni da ɗiyar yayata mai shekara bakwai, da wata maƙwabciyarmu 'yar kasuwa da ta san hanyar Lome kamar tsakar gidanta. Yarinyar ta riga kowa shiri. Tun kafin kiran salla ta sa takalmi ta zauna a bakin ƙofa, wai kada mu makara Mama ta sake tafiya.

Bari in faɗa muku abin da ke cina. Yaya ta rasu wata bakwai da suka wuce a Zangon Lome, inda take aure. Ranar rasuwar an kai yarinyar gidan maƙwabta. Babanta direban babbar mota ne, ba ya zama, don haka bayan sadakar uku na taho da ita Legas. Da ta tambaya, muka gaya mata abin da manya suka saba gaya wa yara: Mama ta yi tafiya. Ba mu yi tunani ba. Yaya fataucin atamfa take yi, duk wata sai ta yi tafiya, duk wata kuma sai ta dawo da tsaraba. Sai yarinya ta zauna jira, duk motar da ta tsaya a ƙofar gida sai ta ruga ta duba. Yanzu kakarta ta aiko a kawo mata ita hutu, ni kuwa har muka shiga mota ban samu bakin gaya mata gaskiya ba.

Mun sha layi a kan iyakar Seme. A Kwatano 'yan acaba sun cika titi da rigunansu ruwan ɗorawa, can zemijan ake ce musu. Maƙwabciyata Faransancinta bai wuce kalma biyar ba, amma da shi ta yi ciniki har mai kwakwa ya rage mana rabi, yana dariya yana girgiza kai. Muna shiga Togo teku ya fito ta hagunmu, ga bishiyoyin kwakwa a jere har Aneho. Ni ban more kallon ba. Duk tashar da muka tsaya, yarinyar na manne da gilashi tana duba fuskar kowace mace mai shuɗin mayafi.

Da la'asar muka isa Zango. Masallaci kusan a kowane lungu, hayaƙin tsire na tashi, samari na fara magana da Hausa su ƙarasa da Faransanci. Hajiya, kakar yarinyar, ta tarye mu a zaure. "Bon aribe, Tanti, sannunku da hanya," in ji ta, ta rungume jikarta. Ta sa aka kawo ayimolu, shinkafa da wake ke nan, da baƙin yaji da soyayyen kifi. Yarinyar ko kallon kwanon ba ta yi ba, ta zille ta shige ɗakin uwarta.

Can sai ga ta ta fito tana jan wata shuɗiyar jaka mai gyararren hannu. Na san jakar, da ita Yaya take zuwa mana Legas.

"Tanti," ta ce da ni, "Mama ba ta tafiya babu wannan."

Hajiya ta share ido da gefen mayafi ta fara, "Ai sabuwa aka saya mata, 'yar nan..."

Na ce, "Hajiya, a gafarce ni, ya isa haka."

Na durƙusa na riƙe hannuwan yarinyar. Na ce mata Mama ba tafiya ta yi ba, rasuwa ta yi, ta koma ga Allah, ba za ta dawo ba.

"Ko da salla?"

"Ko da salla."

Ta daɗe tana kallon jakar. Sannan ta ce, "Ba don ina rashin ji ba ne?"

Nan zuciyata ta karye. Ashe wata bakwai ɗin nan tana ganin laifinta ne ya hana uwarta dawowa. Shi ya sa take cinye abinci ko ba ta so, take wanke kwanonta ba a sa ta ba, mu kuma muna ta yabon hankalinta. Na rantse mata ba haka ba ne. Sai ta fashe da kuka, muka taya ta, har Hajiya.

Kwana biyar muka yi. Matan gidan, da a da suke yin shiru in ta shigo, suka saki baki suna ba ta labarin uwarta: son yajinta, da yadda take tsoron teku amma take kurin ta iya iyo. Yarinyar takan yi dariya, ta yi kuka, ta ce a sake. Limamin unguwa ya koya mata gajeriyar addu'ar da za ta riƙa yi wa Mama.

A hanyar dawowa ita ta rungume jakar. Tun daga Aneho ta yi barci, ba ta leƙa tasha ko ɗaya ba har Seme.

Abin da na koyo shi ne, ƙaryar da muka yi don tausayin yarinya, kanmu muka tausaya wa, ita muka bar ta da jira ita kaɗai. Jiya da safe wata mota ta tsaya a ƙofar gidanmu ta yi hon. Yarinyar ta ɗaga kai, sannan ta ci gaba da shan kokonta.