Kwalliyar Hoto

Inna, mahaifiyata, ba a taɓa ɗaukar ta hoto ba. A Dandin Mahe aka haife ta, nan ta yi aure, kuma mai hoton da ke kafa akwatinsa a kasuwar Shagari na maza ne, masu neman fasfo.

A shekarun da ɗan yankinmu ke mulkin ƙasa, rediyo kullum yana cewa a tsuke bakin aljihu, cikinta ya fara kumburi. Maƙwabta suka riƙa yi mata tsiya wai za ta yi mini ƙane da furfura a kanta, tana dariya tana zaginsu. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, na baro makarantar da nake koyarwa a Bodinga na kai ta wani asibiti a birni.

Likita ya ce ciwon daji ne a ƙwan mahaifa. Ya ce kafin a yi aiki sai an ɗauki hoton cikin, a ga ko ya yaɗu. In bai yaɗu ba a yanke, in ya yaɗu yanka ba shi da amfani, wahala ce kawai. Inna ta amince da sharaɗi ɗaya: in ya yaɗu, a mayar da ita ɗakinta ta mutu da cikinta a rufe.

Amma a duk bayanin nan, kalmar da ta fi zauna mata ita ce hoto. Ranar da za mu koma na iske ta ta ci kwalliya. Ta sa lalle, ta zizara kwalli, ta ciro atamfar da take ɓoyo a ƙasan adaka. Na yi mata bayani cewa ba fuska ake ɗauka ba, rigar ma cire ta za a yi.

Ta ce, "Hoto dai hoto na, ɗana. Ba ni zuwa gabanai da tsumma."

Muka iske ɗakin hoton a kulle. Na'urar tana ciki, sabuwa fil, an yi bikin buɗe ta da kiɗa da jawabi, amma wani ɗan ƙarfe ya lalace kuma sai daga ƙasar waje. Aka ce mu dawo. Muka yi ta dawowa a bayan a-kori-kura, tsakanin buhunan albasa, tana dafe da cikinta. Duk zuwa sai ta sake lalle. Duk zuwa sai a ce ƙarfen yana hanya. Har sojoji suka karɓi mulki yana hanya. Na tsani kalmar nan har yau.

Daga ƙarshe likita ya ce ba zai iya jira ba, zai buɗe ya gani da idonsa. Ban ga laifinsa ba, shi ma haushin yake ji. Inna ta yarda don ta gaji, ba don ta so ba.

Aikin bai daɗe ba. Ya buɗe, ya ga ciwon ya kama ko'ina, ya mayar ya ɗinke. Abin da hoton zai faɗa ke nan ba tare da wuƙa ba. Ɗinkin ya ƙi warkewa, ba ta iya zama a mota, don haka ko ɗakin nata ba ta sake gani ba.

Wata safiya ina ba ta kunu, ta kalli tafin hannunta, lallen ya koɗe. Ta ce in ajiye atamfar a kusa, kada ta yamutse.

"In ƙarhen ya iso, ka hwaɗa mini da wuri in shirya."

'Ya'yana sukan tambaye ni kamanninta. Sai in ciro musu atamfar.