Neman Makaɗin Baba

Kaset ɗin ya tsinke ne wata rana bayan la'asar, a tsakiyar bazara, lokacin da fanka ma iskar wuta take hurowa. Ina tsakar gida ina dama fura na ji kiɗan ya fara lanƙwasa, ya yi wani irin gurnani, sai shiru. Na ajiye ludayi na shiga ɗakin Baba. Zaren ya nannaɗe a cikin rikoda, shi kuwa ya miƙa hannunsa mai lafiya, bai kai gare ta ba.

Mahaifina ɗan gidan malamai ne. Kakanmu har ya rasu yana ba da karatu a zaure, Baba kuma ya yi na zaure ya yi na boko, ya yi aikin gwamnati a sashen ruwa har ya yi ritaya. Yana saurayi aka tura shi kwas Turai, can ya naɗi wannan kiɗa daga rediyo a ɗakin da aka sauke shi. Piyano ne zalla, ba murya, ba ganga. Mutum ɗaya ne yake kaɗawa a gaban jama'a, domin akwai inda ake jin wani ya yi tari, a ƙarshe kuma tafi ya ɓarke. Ko harafi ɗaya babu a jikin kaset ɗin. Mun taso muna jin sa ƙasa-ƙasa ta bayan ƙofa, don Baba ba ya so masu zuwa zaure su tafi da magana. Inna takan tsokane shi ta ce, "To, an soma wankin kwanoni." Shi dai murmushi yake yi ya tura ƙofa.

Da hawan jini ya buge shi, ɓarin dama ya shanye, magana ta koma kalma ɗaya ko biyu, su ma da ƙyar. Mutumin da ba ya yarda a ɗaukar masa buta ya koma sai an kwantar an tayar. Abinci ya zama yaƙi. Da safe karatun Alƙur'ani yake saurare, wannan bai taɓa bari ba. Amma abin da yake buɗe masa baki shi ne kaset ɗin nan. A kunna bayan la'asar, ya saurara har tafi ya ƙare, sannan ya karɓi fura. Ita ce kaɗai abincin kirki da yake shiga cikinsa a yini. Kullum in na tashi daga makarantar da nake koyarwa, maimakon in wuce gidana a Gidan Igwai, sai in tari napep zuwa gidanmu da ke bayan Sama Road, don ni ce mai kunnawa, ni ce mai ba shi a baki.

Ranar da zaren ya tsinke bai sha ba. Washegari ma haka. Ya juya fuska bango, in na kai cokali sai ya datse haƙora. Ruwan shan magani kaɗai yake yarda da shi. Likitan da yake zuwa duba shi ya ce in abin ya ci gaba dole a sa masa roba ta hanci a riƙa ɗura masa abinci. A gabansa ya faɗa. Baba ya girgiza kai, ya sake girgizawa, hawaye ya gangaro ya shiga kunnensa. Ya taɓa ganin wani amininsa da robar nan, ya dawo gida ya ce wa Inna in ta kai shi ga haka bai yafe ba.

Na kai kaset ɗin wurin mai gyaran rediyo. Ya yanke inda ya cukurkuɗe, ya liƙa, ya ce, "Hajiya, zaren ga ya tsufa, zahi ya cinye shi." Abin da ya tsira ɗan guntu ne daga farko, cike da shuuu. Na naɗe shi a wayata kafin ya ƙarasa lalacewa, na kai wa Baba da murna. Ya juyo ya kasa kunne, kiɗan ya fara hawa, sai ya yanke a tsakiya. Wallahi da na sani da ban kunna masa ba. Ya dube ni kamar na nuna masa abinci na janye kwanon.

Akwai wata abokiyar aikina da mijinta yake kaɗa piyano a cocinsu. Na cire kunya na bi ta gida. Mutumin ya saurari guntun sau biyu, ya yi dariya ya ce ai sanannen kiɗa ne, ya karɓi wayata ya rubuta sunan a wurin bincike. A napep ina ta hamdala, har direban ya waigo ya dube ni.

A wurinmu waƙa ta mai ita ce. In ka ce waƙar wane, magana ta ƙare, murya ɗaya ce, 'yan amshi ɗaya ne, wanda duk ya maimaita ta kwaikwayo yake yi. Da wannan tunanin na shiga ɗakin Baba, na danna na farkon da ya fito, na zauna ina jiran in ga fuskarsa ta saki. Bai daɗe yana saurare ba ya ɗaga hannu.

"Ba shi na ba."

Na ce, "Haba Baba, shi ne mana. Ga sunan nan, wanda ya san abin ne ya rubuta mini."

Ya sake cewa, "Ba shi na ba," ya juya bango.

Raina ya ɓaci, na koma wurin mutumin da niyyar in ce ya ba ni sunan banza. Ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Wanda ya tsara kiɗan ya mutu tun kafin a haifi kakannin kakanninmu, a takarda ya bar shi, duk wanda ya ƙware a piyano yana kaɗa shi, kowa da hannunsa. Ya ja allon wayar ƙasa, suna ta fitowa, maza da mata, tsofaffi da yara, abin ba ya ƙarewa. Na ce to wanne ne na Baba? Ya ce daga wannan guntu mai shuuu babu mai iya faɗa, kuma da yawa daga abin da ake kaɗawa a rediyo a wancan zamani ba a taɓa fitar da shi kasuwa ba. 

Na tambayi Baba sunan makaɗin. Inna ce ta amsa daga bakin ƙofa. Ta ce shi ma bai sani ba, ya taɓa gaya mata sai da mai gabatarwa ya gama magana sannan ya samu ya danna naɗi.

Haka na fara bin su ɗaya bayan ɗaya. In sauke su a wayata a makaranta lokacin hutun tara, in zo in jera masa bayan la'asar, kwanon fura a gefena. Ga kuma 'yan dubiya, ba sa yankewa. Da na ji sallama sai in kashe waya in cusa ta ƙarƙashin filo, a shigo a zauna, a yi addu'a, wannan ya ce a gwada man kaza, waccan ta ce akwai wani mai magani a garinsu. Allah ya saka musu, zumunci suka yi. Amma ni ina zaune ina amsa "amin" ina duban rana tana sauka, ji nake kamar in tashi in ce kowa ya tafi gidansu.

Baba bai taɓa ƙin saurare ba, shi ne abin da ya riƙa ja na. Duk wanda na kunna sai ya juyo. Wani ya ba shi ɗan lokaci, wani tun bugun farko ya ɗaga hannu. Wani lokaci har ya faɗi dalili. Wani saurayi mai kaɗa kai yana watsa gashi, Baba ya ce, "Sauri garai." Wani ƙato da hannuwa kamar faranti, ya ce, "Duka yakai." Wani kuma da dubban mutane suka yaba masa a ƙasan bidiyon, Baba ya taɓe baki ya ce, "Nuna kai." Rannan na ruɗe na maimaita wanda muka riga muka ji kwanaki, bai yi nisa ba ya ce, "Mun ji shi." Bakin ne ya mutu, kunnen nan yana nan garau.

Da farko duk ɗaya nake jin su, na rantse. Har cewa nake a raina rigimar tsufa ce kawai. Amma abin da ka ji safe da yamma sai ya shige ka. Akwai wani wuri a tsakiya da kiɗan yake sauka ƙasa ya yi kamar zai tsaya. Na lura wasu suna wuce shi a guje, wasu suna jan sa har ka gaji, wasu kuma suna ɗan dakatawa kaɗan, daidai yadda mutum yake yi in zai faɗi magana mai nauyi. A nan Baba yake riƙe numfashi, a nan kuma yawancinsu suke faɗuwa. Wata tsohuwa mai farin gashi, a hoto marar launi, ta kai shi har wurin. Ni kaina sai da tsikar jikina ta tashi. Na ɗauki cokali na riƙe. Ya bari ta wuce wurin, sannan ya ce, "Ta iya. Ba shi na ba." Na fita bayan ɗaki na yi kuka mai isata.

Yana ta ramewa. Zoben azurfarsa ya fara zamewa daga yatsa, Inna ta cire ta ɗaure a bakin zane. In ya ga na matsa sai ya karɓi cokali ɗaya ya riƙe a baki, ya ƙi haɗiyewa. Yayana, wanda yake limanci a masallacin unguwarsu, ya same ni a tsakar gida ya ce, "Ki bar wahal da tsohon ga da kaɗe-kaɗe. A sa mai robar, rai ya fi." Na taso masa. Na ce shi da yake leƙowa ya yi addu'a ya tafi, me ya sani? Ya taɓa riƙe cokali ana datse masa haƙora? Na faɗi maganganun da ba a faɗa wa yaya. Bai rama ba, ya ce, "Allah shi huci zuciyarki," ya fita. Abin da ya fi ƙona ni shi ne na san gaskiya ya faɗa.

Ni ma na daina cin abin kirki. Ina koyarwa hankalina yana kan waya. Mijina ya yi magana har ya gaji. Na shiga wuraren da masu son irin wannan kiɗa suke hira a intanet, na sa guntun, na roƙe su da Turancina na aji. Wasu suka amsa da kirki, kowa ya kawo sunan gwaninsa, suka koma gardama a tsakaninsu kan wa ya fi wa. Na bi duk sunayen da suka bayar. Babu ko ɗaya.

Ranar da likita ya ce gobe zai zo da robar, ba ni da sabon da zan kunna. Na duba wayar sama da ƙasa, duk mun ji su. Inna tana zaune bakin gado tana jan carbi, ta ce, "Ke ɗiyag ga, kunna mai ko mi na na." Na danna na tsohuwar nan mai farin gashi. Na san ya ji ta, na san ya ƙi ta. Ba dabara na yi ba, ita ce kawai wadda ni nake iya saurare ba tare da na ji kamar in jefar da wayar ba.

Bai ɗaga hannu ba. Bai kuma kalli wayar ba, ni yake kallo. Na sunkuyar da kai don kada ya ga fuskata, hawaye yana ɗiga a kan zanena. Kiɗan ya sauka wurin nan, ya wuce, ya je har ƙarshe. 

Baba ya ce, "Shi na."

Na ɗago. Ya sake faɗa, a hankali, yadda Inna za ta ji. "Shi na. Kawo hura."

Inna ta saki carbi ta ɗaga hannuwa sama tana godiya ga Allah. Na kai cokali, ya buɗe baki, ya haɗiye da ƙyar, maƙogwaronsa yana motsi kamar mai haɗiyar tsakuwa. Ya sha na biyu, ya sha na uku. Da na sake kaiwa sai ya sa bayan hannunsa ya tura cokalin wajena.

"Ke ma."

Na sha. Mutumin da ya gane wanda na maimaita cikin ruɗewa ba zai manta da tsohuwar da ya ce ta iya ba. Ya dai dube ni ne ya ga abin da neman yake yi mini, ya rufe maganar.

Ba a sa masa robar ba. Kullum bayan la'asar sai in kunna tsohuwar, ya jira ta gama, ya sha furarsa. Ban ƙara kawo masa wani sabo ba, domin yin haka tamkar in ce masa na gane ƙarya ya yi mini. Ya ga damina ta shigo ta fita, ya rasu bayan an gama girbi, a kan gadonsa, ba komai a hancinsa. Inna har yau tana gaya wa mutane yadda na sha wahala na nemo wa Baba makaɗinsa, ni kuma ina yin shiru.

Ban daina nema ba. In na ga wanda ban taɓa ji ba sai in sa abin kunne in saurara, in jira wurin nan. Sau biyu na ji wanda zuciyata ta ce ko shi ne, har na miƙe da waya a hannu. Sai in tuna duk duniya mutum ɗaya ne zai iya gaya mini, in koma in zauna.