Ƙwayoyin da Na Sha a Shekarar Fari

A shekarun farin nan da kogin Haɗejiya ya ƙi fitowa fadama, sana'ata bandar kifi. Masunta daga Auyo suke kawo mini tarwaɗa da ƙarfasa, in gyara, in banda, in kai kasuwa. Ina gidan mijina da 'ya'ya huɗu, kuma duk unguwa an san ni da surutu. Ruwa ya janye, kifi ya yi wuya, ana cikin haka mahaifiyata ta rasu. Aka yi zaman makoki aka watse, kowa ya koma harkarsa. Ni ce ban koma ba.

Ba kuka nake yi ba, da kuka ne da an gane da wuri. Sai in zauna a bakin murhu har rana ta take ban hura wuta ba. Abinci ya fita raina. Tun kafin asalatu idona biyu, ƙirjina kamar an ɗora mini turmi. Maigidana manomin shinkafa ne, mutum mai haƙuri. Ya karɓo rubutu, ya sa aka yi ta addu'a. Addu'ar tana sanyaya mini rai, amma rama ba ta tsaya ba.

Yayana, tela ne a bakin kasuwa, shi ya zo ya dube ni, ya ce da maigida a kai ni asibiti. Na ce ni babu inda yake mini ciwo. Ya ce abin da ya ba shi tsoro ke nan.

Da muka je, likitan bai yi gaggawa ba. Ya tambaya ko ina da ciki ko ina shayarwa, ko na taɓa ciwon zuciya ko farfaɗiya, da duk abin da nake sha, har jiƙo. Ya auna ni, ya saurari ƙirjina. Sannan ya dube ni ido da ido ya tambaya ko na taɓa tunanin cutar da kaina. Na ce a'a, duniyar ce dai ta fita kaina. Ya ce in irin wannan tunani ya taɓa zuwa, ranar nan a dawo da ni, kada a jira ranar da ya sa mana.

"Malama, ciwon damuwa ne, kuma yana da magani," in ji shi. "Sai dai ba kamar na ciwon kai ba ne, ki sha yanzu ki ji sauƙi an jima. Zai ɗauki makonni, kuma wahalarsa za ta riga amfaninsa zuwa. Kada ki yanke don haka."

Haka kuwa aka yi. Ƙwayoyi ne ƙanana, ruwan ɗorawa, nakan sha bayan sallar isha. Bakina ya riƙa bushewa, sai na ajiye moɗa kusa da ni. In na miƙe da sauri jiri ya kwashe ni, don haka na koyi zama a bakin gado tukuna kafin in tashi. Da safe kaina yakan yi nauyi, sai na bar hura wuta har ya washe, kwalekwalen da nakan shiga wajen karɓo kifi kuwa na daina shiga gaba ɗaya. Likita ya ja kunnen maigida cewa kaɗan daga cikinsu za su iya kashe yaro, shi ya sa kwalbar take cikin akwatinsa a kulle.

Wata rana maigida ya tafi ɗaurin aure garin Malam Madori, mota ta lalace musu, ya kwana can da mabuɗin a aljihu. Da ya dawo duk ya damu, ya ce in haɗa na jiya da na yau. Na ce a'a, likita ya ce wanda ya wuce ya wuce, ba a ninkawa. Ya tsaya yana dubana, ya yi murmushi. Ya ce rabon da in yi masa gardama tun kafin rasuwar Inna.

Sauƙin bai zo rana ɗaya ba. Yunwa ce ta fara dawowa, sannan barci, sannan faɗa da yara.

Maƙwabciyata, wadda muke kai kifi kasuwa tare, ta ga na murmure. Ta shigo da hantsi tana rage murya, ta ce mijinta ba ya barci, ga kasala, in sam mata ko 'yan kaɗan.

"Ƙawata, ba rowa ba ce," na ce mata. "Sai da aka saurari zuciyata kafin a ba ni. Tasa wa ya saurara? Ki shirya shi gobe, ni zan raka ku."

Ta fita ranta a ɓace, amma washegari suka zo, muka tafi asibiti. Ashe zuciyarsa ce take da matsala, ita ke hana shi kwanciya. Likita ya ce irin ƙwayata da ta yi masa illa babba, ya ba shi nasa maganin daban.

Da na ji garau na nemi a sallame ni. Likita ya ce da saura, in an yanke da wuri ciwon yakan dawo. Na ci gaba har aka yi watanni, na yi azumi ma ina sha ba tare da ya taɓa mini azumin ba. Daga nan ya fara rage mini kaɗan-kaɗan, kowane zuwa ya tambayi barcina da cin abincina. Ranar da ya ce na gama, ya ƙara da cewa in na ji alamun sun dawo kada in ji kunya, in zo. Bayan wasu shekaru, alamun sun ɗan taɓa ni sau ɗaya, na yafa mayafina na tafi da ƙafata, ban jira an kai ni ba.