Raƙumin Da Ya Fita Daban

Har yau ranar nan tana idona, a shekarar da ƙaton jirgin ruwa ya toshe mashigin Suwez. Lokacin ina aiki a shagon azurfa na Ammu Sabri, can ƙasan unguwar Darrasa, nan Masar. Ni ke karɓar kayan gyara, shi ke gyarawa.

Wata Hajiya Bilki, matar wani ma'aikacin ofishin jakadanci, ta kawo sarƙar hannu ta mahaifiyarta marigayiya a gyara mata maɗauri. Jikin sarƙar an rataya 'yan abubuwan tsaraba: ɗan ginin dala, fitila, kwalekwale, raƙumi da sauransu, duk sun yi baƙi don tsufa. Ta ce kakanta ne ya sayo su da ya zo Masar soja a Yaƙin Duniya na Biyu. Ammu Sabri ya gyara maɗaurin, sannan don kyautatawa ya goge sarƙar har tana ɗaukar ido. Ya tafi asibiti ya bar ni.

Da Hajiya ta dawo karɓa, ta buɗe takardar da aka naɗe sarƙar, sai fuskarta ta sauya.

"Malam Ilu, wannan ba tawa ba ce. Sabuwa ce."

"Ma'alish, yi haƙuri Hajiya, gogewa aka yi."

"Gogewa? A hannunka na sa ta don na ji kana Hausa! Ka fito min da kayan uwata, ko na kira 'yan sanda."

Masu shagunan kusa suka cika ƙofa. Ku da kuke baƙi a garin nan kun san abin da ƙarar sata ke yi wa iƙamar mutum, wato takardar izinin zamansa. Na yi ta'awizi a zuci, na ɗauko gilashin dubawa.

Azurfar Masar ba ta fita kasuwa sai hukuma ta buga mata damga, wato hatimi. 'Yan tambura ne uku, kowanne bai kai ƙwayar gero ba: lambar tsabtar azurfa, harafin Larabci mai nuna shekara, da hoto. Ni da na tashi da ajami, haruffan ba su ba ni wuya ba, amma hoton ne mai saurin raba gardama. A da kyanwa ake bugawa; jim kaɗan bayan yaƙin aka koma furen bado.

Na bayyana mata haka, na miƙa mata gilashin, na ɗora sababbin kayan shagonmu a gefe. Namu duk bado. Ta duba dalarta: kyanwa. Fitila: kyanwa. Kwalekwale ma haka. Numfashina ya fara dawowa. Sai ta kai kan raƙumin.

"Wannan fure ne," ta ce.

Na karɓa na duba. Bado ne, babu shakka.  Da bakina na koya mata hujjar da za ta kama ni.

Ta daɗe tana juya raƙumin a tafin hannunta. Can ta zauna a kan kujera.

"Ba Kaka ya sayo wannan ba," ta ce a hankali. "Babana ne, da ya biyo ta nan daga aikin hajji. Inna ta ce ya rasa abin kawo mata sai raƙumi, kamar babu a gida." Ta yi dariya, hawaye na zuba. "Tawa ce. Wane mai musanya da jabu ne zai san ya haɗa tsofaffi da sabo ɗaya?"

Alhamdu lillahi kawai na iya faɗa.

Na ɗauka shi ke nan. Amma ta miƙe ta tsaya a bakin ƙofa, ta gaya wa mutanen da Larabcinta mai karyewa cewa ta zalunce ni. Sannan ta juyo.

"Malam, a gabansu na ci mutuncinka. A gabansu nake roƙo ka yafe min."

Na ce na yafe, duniya da lahira.

Shi ya sa nake hana ku, masu koyon aikin nan, goge tsohuwar azurfa sai mai ita ya ce. Mu damga muke karantawa. Su masu ita, baƙin tsufan nan ne suka sani.