Jar Tutar Mme Mapuleng

A ƙauyenmu da ke kan duwatsun Mokhotlong, babu mai dafa giyar dawa kamar Mme Mapuleng, wato Inna Mapuleng a yarenmu, kuma babu gidan da ya kai nata nisa. Mijinta ramin zinariya ya cinye shi, ɗanta ya tafi Gauteng neman aiki, shiru kake ji. Ba a hawa wurinta sai ran da ta ɗaga farar tuta, alamar giya ta nuna. Ranar kaɗai take jin muryar mutum, shi ya sa ba ta wasa da randarta.

Giya kuwa da sanyi ba ta da mutunci. Ta ɗan sha iska, ta kwanta ko kumfa babu. Ka matso da ita wuta, ta yi tsami. Mapuleng takan haƙa rami gefen murhu, ta zuba tokar kashin shanu mai ɗumi, ta dasa randar, ta naɗe ta da bargon marigayi. A ɗaya gefen tsohuwar akuyarta ke kwanciya, wadda take kira Maƙwabciya, ita ke tare sanyin bango, ita ce kuma abokiyar hira. Da bayan hannu take auna ɗumin randar. Na sha tsokanarta cewa randa ta samu bargo, mai randa na rawar ɗari. Sai ta ce ai randar ce ke kawo baƙi, ita wa take kawowa?

Bara a watan Yuli, tsakiyar hunturunmu, giya ta tashi lafiya, sai dusar ƙanƙara ta sauka, dutse ya yi fari fat. Ta ɗaga tutarta. To, don Allah wa zai hango farin tsumma a cikin wannan fari? Ta wuni bakin ƙofa da ƙoƙuna a wanke, ko kare bai leƙo ba. Washegari ma haka, giya ta fara juyawa.

Sai muka wayi gari da jar tuta, wato akwai nama. Kowa ya ja bargo ya kama hanya. Ntate Sekhonyana, wato Baba Sekhonyana, tsohon makiyayi, shi ne a gabana, yana haki.

"Mme, yaushe kika yi arzikin nama? Ko ɓera kika kama?"

"Ga shi can da ƙafarsa, Ntate. Ka zo da wuƙa?"

Ya dubi akuyar, dariya ta ɗauke masa. Ya ce giya ta ishe mu, ba mai ganin laifinta. Na sa baki, har da faɗa.

Ta ce, "Ban taɓa ɗaga tutar ƙarya ba."

Aka yanka. Ɗaki ya cika, ana waƙa, ana zolaya, ita tana ta raba ƙoƙo tana dariya. Tausayinta ya hana ni haɗiye ko tsoka guda.

Kafin rana ta faɗi kowa ya gangara, na tsaya wanke mata ƙoƙuna. Ta zuba sabon haɗi a randa, ta gyara toka, ta naɗa bargo. Ta kai bayan hannu gefen randar da ke wajen bango, ta ji sanyi ƙalau, ta buɗe baki za ta kira Maƙwabciya, ta fasa. Sai ta tattara zanenta, ta kwanta a wurin, ta jingina bayanta da randar.