Malam Yunusa, Baturen da Ya Sa Na Koyi Waƙoƙin Inna

Ina cikin bas ɗin da nake tuƙawa a Bi'ir Ali, miƙatin Madina, ina jiran alhazai su gama ɗaura harami, matata ta kira ni ta ce Malam Yunusa ya cika. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na dai kai alhazan Makka, amma wallahi hankalina yana gida.

Malam Yunusa mutumin ƙasar Ailan ne ta Turai. Kafin ya musulunta, ƙuruciyarsa a yawon waƙa ta ƙare, daga ƙasarsu zuwa Sikotilan har Amurka, yana rera tsofaffin waƙoƙin masunta da makiyaya da waɗanda yunwa ta raba da gida. Bai taɓa ƙaga tasa ba. Wajen tsofaffi yake zama har su ba shi, kuma ba ya rera waƙa sai ya ambaci wanda ya koya masa. Da girma ya kama shi ya biyo 'yarsa da ke aure a Madina, muka zama maƙwabta a unguwar Bani Harisa.

Wata rana ya jiyo Inna, mahaifiyata, tana daka yaji tana waƙa. Waƙoƙin hanya ne na iyayenta, waɗanda suka tako daga Kano ta Cadi da Sudan a ƙafa zuwa ƙasa mai tsarki. Da gurguwar Larabcinsa ya tambaye ni wa ya iya su bayan ita. Na ce babu, yaran yanzu ka yi musu Hausa su amsa da Larabci, amma zan ɗauka a waya. Ranar na fara ganin ɓacin ransa.

"Ya akhi, ɗan'uwana, waya ba ta da jikoki," in ji shi. "Zauna gabanta ka karɓa da bakinka."

Ina direba ina waƙa? Murya kamar tsohon inji! Amma bawan Allahn nan ya sa ni gaba. Duk Juma'a sai na rera masa abin da na koyo. Ba ya jin Hausa, amma da na karkace zai ɗaga yatsa ya ce ba haka Hajiya ta ɗauko ba, in koma. Inna kuwa me za ta yi ban da dariya. 'Yata Safiya ta riƙa zuwa don ta yi mini tsiya, ashe ita ke kwashewa. Har ta soma tambayar kakarta ma'ana, da Hausa.

Bara Inna ta rasu, waƙoƙinta ba su bi ta ba. Da na je yi masa godiya sai ya kawar da zancen, ya ce shi kunne kawai ya ba da aro. Yau Safiya da su take lallashin jaririnta, kuma duk sanda na ji, muryar uwata nake ji. Wannan alherin ban da abin saka masa sai addu'a.

Allah ya jiƙan Malam Yunusa, ya haskaka kabarinsa, ya sa Aljanna ce makomarsa tare da Inna. Allah ya ba 'yarsa da jikokinsa haƙuri, ya sa su riƙa ambaton sunansa kamar yadda ya ambaci na mutane. Amin.